Ƙananan Halittun da ke Yin Daddawa

Tun da aka fara koya wa jama'a sha'anin tsabta, mutane da yawa sun ɗauka duk wata ƙwaya da ido ba ya gani cuta ce. Wannan kuskure ne, ya kuwa kamata Hakimai da malamansu su san gaskiyar al'amarin, gama su talakawa ke tambaya. Daddawar da a ke sa wa miya kullum ta isa misali.

In 'ya'yan ɗorawa suka nuna, mata su kan fid da garin, su wanke kalwa, su dafa ta yini guda ko fiye. Sa'an nan su surfe ɓawon, su sake dafawa, su zuba a ƙwarya ko kwando, su rufe da ganye, su ajiye wuri mai ɗumi kwana 2 ko 3. Da za a sa hannu ciki ran kwana na biyu, sai a ji zafi, alhali kuwa ba wuta. Wannan aikin wata ƙwaya ce wadda masana ke kira Bacillus subtilis, ba a ganinta sai da madubin likita. Tana zaune cikin ƙasa, da jikin ganye, da tsohuwar ƙwarya. In ta ji wuya sai ta ƙulle kanta cikin wani ɓawo mai tauri, har tafasa ba ta cika kashe ta ba; in ta sami laima da ɗumi sai ta farka, ta yi ta yaɗuwa. Ita ce ke farfasa abin gina jiki da ke cikin kalwa har ciki ya iya narkar da shi, ita ke kawo yauƙi da warin nan da baƙo ya kan toshe wa hanci. Da irinta mutanen Japan ke yin natto da waken suya.

Masu sa nono da koko su yi tsami wani dangi ne dabam, tsamin nan kuwa yana hana ƙwayoyin cuta da yawa sakewa. A 1907 wani masani mutumin Rasha, Metchnikoff, ya rubuta cewa watakila nono mai tsami ne ke sa manoman Bulgeriya daɗewa. A 2001 hukumomin abinci da na lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsai da cewa ba a kiran ƙwaya mai amfani ga lafiya sai an ci ta da rai, da yawan da ya isa. Saboda haka kada a bar mai talla ya ce daddawa magani ce. Abinci ce mai kyau, amma yaron da ke zawo asibiti za a kai shi.

Ƙwayar daddawa tana da 'yar'uwa muguwa, Bacillus cereus, mai sa amai da gudawa, ƙazanta ce kuwa ke ba ta hanya. Lalle ne Hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa, a riƙa wanke kalwa da ruwa mai tsabta, a shanya daddawa bisa rumfa, nesa da ƙuda da kaji. Har wa yau su sa ido kan masu sare ɗorawa don gawayi, domin wadda aka dasa bana sai ta yi shekaru kafin ta ba da kalwa.