Yadda Ake Fahimtar Makin Jarrabawar Yaro

Gwaji iri biyu ake yi wa yara ƙanana a makaranta, kuma wajibi ne iyaye su san bambancinsu. Na fari shi ne gwajin basira, wanda yake auna yadda yaro yake tunani da warware abin da ba a koya masa ba. Na biyu kuwa gwajin karatu ne, wato auna abin da ya koya a aji, kamar lissafi da rubutu. Jarrabawar shiga sakandaren Gwamnatin Tarayya, wadda yaran Gombe suke yi don neman gurbi a Billiri ko Bajoga, ta haɗa duka biyun.

Wani masani a Faransa, Alfred Binet, shi da abokin aikinsa suka tsara gwajin basira a 1905, domin a gano yaran da suke bukatar ƙarin taimako. A irin wannan gwaji a yau, maki 100 shi ne matsakaici, kuma kusan kashi biyu cikin uku na yara suna samun tsakanin 85 da 115. Saboda haka wanda ya sami 97 da wanda ya sami 102 duk tafiyarsu ɗaya.

Amfanin makin yana fitowa ne idan an jera su tare. In basira ta yi sama, karatu ya yi ƙasa, to, akwai abin da ya tare yaron. Sai a bincika: ko ba ya ganin allo sosai, ko kunnensa ne, ko zazzaɓi da talla suna sa shi fashi. A duba harshe kuma. Yaron Bolari ko Jekadafari wanda ya tashi da Hausa, ko Fillanci, ko Teranci, in aka gwada shi da Turanci, sau da yawa Turancinsa aka auna, basirarsa tana nan ba a taɓa ta ba.

Tun 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta tanadi a riƙa auna ɗalibi a kai a kai, domin makin ƙaramin yaro yakan sauya yayin da yake girma. Don haka kada uba ya fitar da ɗansa daga makaranta, ko ya kira shi daƙiƙi, saboda sakamakon yini guda. Abin da ya kamata shi ne ya ɗauki takardar ya tafi wurin malamin aji, su duba aikin yaron na shekara duka, su shirya yadda za a taimake shi.