Giwa da danginta

A Gangara kullum muna ganin raƙuma da jakuna da shanu, amma ba mu ganin giwa. Wanda ke son ganinta a Nijar sai ya tafi dajin W, can kudu maso yamma, a bakin kogin Kwara. A zamanin da ba haka abin yake ba.

Shekara kamar 8000 da suka wuce, Sahara ba hamada ba ce. Akwai ciyawa, akwai tafkuna. A duwatsun Abzin, arewa da Damargu, mutanen da sun zana giwa da raƙumin dawa a jikin dutse. A Gobero, cikin Tenere, wurin da aka gano a shekarar 2000, an tono ƙasusuwan giwa da dorina da kada. Da ruwan sama ya ragu, tafkuna suka ƙafe, sai giwa ta yi kudu, domin babbar giwa tana shan fiye da lita 100 a rana.

Ina asalin giwa? Masana suna karanta tarihinta a tsofaffin ƙasusuwa da suka zama dutse. Zuriyarta a Afirka ta fara. A Maroko an sami wata dabba, Eriteriyum, wadda ta rayu shekara miliyan 60 da suka wuce. Ba ta fi babban zomo ba. A Fayum, ƙasar Masar, an sami Moeriteriyum. Tsayinta kamar santimita 70 ne, tana zaune a fadama, ba ta da dogon hannu.

Sannu a hankali, cikin miliyoyin shekaru, jiki ya ƙara girma. Haƙoran gaba biyu suka yi tsawo suka zama haure. Hanci da leɓen sama suka haɗu suka zama hannu. Da shi giwa take kai abinci da ruwa baki, tun da wuyanta gajere ne.

Dangin sun yi yawa, sun bazu har Asiya da Turai da Amurka. Deinoteriyum, haurenta a haɓa yake, ya lanƙwasa ƙasa. Mamut mai gashi ta zauna ƙasashen ƙanƙara. Na ƙarshensu sun mutu a tsibirin Wrangel, arewacin Rasha, shekara kamar 4000 da suka wuce. Sauyin yanayi da farauta suna cikin abin da ya ƙarar da su.

Yau iri uku suka rage: giwar daji da giwar kurmi a Afirka, da giwar Asiya. Danginsu na kusa su ne ayu, da ke cikin kogin Kwara, da rema, da ke cikin duwatsu. Maharba suna kashe giwa don haurenta, shi ya sa aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989. Dabbar da ta ƙare ba ta dawowa.

Tambayoyi
1. Me ya nuna giwa ta taɓa zama a arewacin Nijar?
2. Me ya kore ta daga can?
3. Yaya hannun giwa ya samu?
4. Faɗi dangin giwa biyu da ke raye.

Aiki
Ku tambayi tsofaffin garinku namun dajin da suka sani a ƙuruciyarsu, waɗanda ba a gani yanzu. Ku rubuta sunayensu ku kawo aji.