MAI BA DA ARON ASUSU, SHI MA YANA CIKIN ZAMBAR

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, darasinmu na yau amsa ce ga tambayar da matasa suke yawan turo mini daga Jega, Aliero da Maiyama: "Malam, wani ya ce in ba shi lambar asusuna, kuɗi su shigo, in ciro masa, ya ba ni kasona. Ni ban damfari kowa ba. Ina da laifi?"

Eh, ɗan uwa, kana da laifi. Bari in nuna maka inda kake a cikin aikin.

Ɗan damfara zai kira manomi a Maiyama ya ce daga banki ne, wai za a rufe masa asusu in bai faɗi lambar katinsa da lambar sirrin da aka turo masa ba. Ko ya sa hoton buhunan albasar Aliero a Facebook, wani ɗan kasuwa a kudu ya biya kuɗi, kaya babu. To ina kuɗin za su sauka? Ba zai sa asusunsa ba, don ya san za a bi sawu. Naka yake nema. Ba don kai ba, kuɗin ba su da hanyar fita. Hausawa sun gama magana: abokin ɓarawo, ɓarawo ne.

Aya ta 188 a Suratul Baƙara ta hana cin dukiyar mutane ta hanyar ƙarya, aya ta 2 a Suratul Ma'ida kuma ta hana taimakekeniya a kan saɓo da zalunci. Ta farko ta kama mai kiran waya, ta biyu ta kama ka. Dokar laifukan intanet ta 2015 ita ma ta haɗa mai aikatawa da mai taimaka masa. Ranar da jami'an EFCC suka taso daga Sakkwato, sunan da ke kan asusun za su fara nema, shi kuwa ogan ya jefar da layinsa.

Wasu suna cewa talauci ne. Ban musa akwai matsi ba, wallahi akwai. Amma wanda aka kwashe wa kuɗin, sau da yawa ya fi ka talauci. Kuma Ramon Abbas, wato Hushpuppi, da kotun Amurka ta ɗaure shekara 11 da wata 3 a 2022, yunwa ce ta sa shi? Abin da nake gani gaggawa ce da gasa. Manomin albasa zai raini iri, ya dasa, ya yi ta ban ruwa watanni kafin ya ga kobo. Yaro kuwa yana son waya da mashin irin na abokinsa kafin sati. Gaggawar nan ce ta kai dattawa ma cikin MMM da ta rushe a 2016, da CBEX a 2025.

Masu cewa "ai kuɗin Turawa ne" su ji tsoron Allah. Dukiyar wanda ba Musulmi ba ba ta halatta da yaudara.

Alhakin kuma bai tsaya kan yaron ba. Uban da ya karɓi buhun shinkafa bai ce "ina ka samo?" ba, da mai POS da ya san abin da ake ciki yana ƙirgo kuɗin, da malamin da ake biya ya yi addu'ar sa'a a kan zamba, kowa zai amsa nasa.

In ka riga ka faɗa, istigfari kaɗai bai isa ba, domin haƙƙin bawa ne. Ka daina yau. Ka je banki ka yi bayani, don ta nan ake gano mai kuɗin. Ka mayar da abin da ka ci. In ka yi iya ƙoƙarinka ba a same shi ba, ka yi sadaka da shi a madadinsa, ladan nasa ne.

Allah Ya wadata mu da halal, Ya shirya mana zuri'a. Wallahu a'alam.