Yadda Ake Daidaita Girman Taya da Faɗin Rim

Mafi yawan masu mota idan za su sayi taya lamba ɗaya suke riƙewa, wato su ce wa mai shago "sha biyar" ko "sha shida", alhali kuwa rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, yana da awo biyu, kuma na biyun, wanda shi ne faɗinsa, shi ke yanke hukunci a kan ko taya za ta zauna daidai ko za ta yi zaman 'yan marina da hanya. Saboda haka aikin yana farawa ne da karanta rubutun da ke jikin taya da na jikin rim kafin a yi maganar kuɗi.

A gefen taya akan ga rubutu kamar 205/55 R16 91V. Lambar 205 faɗin taya ce da milimita daga gefe zuwa gefe, 55 kuma na nufin tsayin gefen ya kai kashi 55 cikin ɗari na wannan faɗi, wato kusan milimita 113, sannan R na nuna tsarin saƙar zaren da ke ciki, 16 kuwa girman da'irar rim ne da inci. Lambar 91 na nufin taya na iya ɗaukar kilo 615, harafin V kuma gudun kilomita 240 a awa ne iyakarta.

Daga nan sai a koma kan rim, a goge laka da maiƙo daga bayansa, inda akan tarar da hatimi kamar 6.5Jx16 ET45. Lambar 6.5 ita ce faɗin da ake nema, da inci, J siffar bakin rim ce, ET45 kuma tazarar milimita 45 ce tsakanin tsakiyar rim da fuskar da ake ɗaure shi a jikin mota. Idan hatimin ya goge, ana cire taya a auna da tef daga cikin baki zuwa cikin ɗaya bakin, wato wurin da leɓen taya ke zama, domin wanda ya auna daga waje zuwa waje zai sami ƙarin kusan inci guda, kuma wannan kuskure shi ke sa a ɗora wa rim tayar da ta fi ƙarfinsa.

Bayan an sami lambobin biyu, sai a gwada su da jadawalin kamfanin taya, wanda ke bin ƙa'idojin hukumomi irin su ETRTO ta Turai da JATMA ta Japan. Kowane girman taya yana da rim ɗin da aka auna ta a kansa, da kuma iyaka ta ƙasa da ta sama: 205/55 R16 an auna ta a kan inci 6.5 amma tana karɓar 5.5 zuwa 7.5, ita kuwa 195/65 R15 an auna ta a kan inci 6 kuma tana karɓar 5.5 zuwa 7. Duk ƙarin rabin inci a rim yana buɗa taya da kimanin milimita 5. Zama kusa da tsakiyar iyakar shi ya fi, domin idan rim ya yi wa taya ƙunci gefunanta kan tsuke, bayanta ya yi tozo, tsakiya ta riga gefe cinyewa, mota kuma ta riƙa lilo a kwana. Idan kuwa rim ya yi faɗi, gefen taya kan miƙe ya ɗame, bakin ƙarfe ya fito fili, ta yadda rami guda a titi zai iya lanƙwasa shi ko ya ɓalle leɓen taya iska ta fice gaba ɗaya. Wasu matasa na son wannan ɗamewa don ado, amma a kan hanyoyi masu ramuka da zafin kwalta na bazara, kasada ce da rayukan fasinja.

Mai son canza girma dole ya kiyaye tsayin taya gaba ɗaya. Ana ninka tsayin gefe sau biyu a haɗa da girman rim, inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne; da haka 195/65 R15 ke ba da 634.5, 205/55 R16 kuma 631.9, shi ya sa ake samun Toyota Corolla da kowanne daga cikinsu. Bambancin da ya haura kashi 3 cikin ɗari yana sa agogon gudu ya yi ƙarya. Takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba tana nuna girman asali da yawan iskar da ta dace, kuma bai kamata lambar nauyi ta sabuwar taya ta gaza wadda ke wurin ba.

Wajen ɗorawa, mai faci yakan shafa ruwan sabulu a leɓen taya, ya ba ta iska a hankali har a ji ƙarar zamanta sau biyu, ba tare da ya wuce fam 40 ba. Idan ta ƙi zama, sai a sace iskar a sake, domin tilasta ta na iya fasa leɓen a fuskar mai aiki. Akwai siririn layi da ke kewaye taya dab da bakin rim, wanda dole a ga tazararsa ɗaya ce ta ko'ina. Daga ƙarshe a murɗa sitiyari har ƙurewa dama da hagu, a leƙa a tabbatar taya ba ta gogar bodi ko ƙafar mota, sannan washegari da safe, kafin mota ta motsa, a sake auna iska.