DARASI: MUMBARI DA AKWATIN ZAƁE

Karatu: Matiyu 22:15-22, Yohanna 17:20-23

Darasinmu na wannan wata ya shafi wata muhawara da aka daɗe ana yi a ƙasar Amurka. Tambayar ita ce: ya halatta mai wa'azi ya tsaya a mumbari ya ce wa jama'a su zaɓi wane, su ƙi wane? Dokar ta Amurka ce, amma koyarwar Ikilisiya a kan batun ta shafi kowane ɗan Katolika a duk inda yake.

1. Asalin dokar

A Amurka, majami'u da ƙungiyoyin agaji ba sa biyan harajin kuɗin shiga. Haka kuma wanda ya ba su kyauta yana iya samun rangwame a nasa harajin. A shekarar 1954, Lyndon Johnson, sanata daga jihar Texas wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya kawo wani gyara a dokar haraji. Gyaran ya ce duk ƙungiyar da ke cin moriyar wannan sassauci ba za ta goyi bayan ɗan takara ba, ba za ta kuma yi yaƙi da shi ba. Wannan shi ake kira Gyaran Johnson.

A lura da kyau: dokar ba ta hana mai wa'azi yin magana a kan talauci, yaƙi, zubar da ciki ko zalunci ba. Abin da ta hana shi ne majami'a ta shiga yaƙin neman zaɓen wani mutum.

Da wuya ake hukunta kowa a kanta. Sanannen misali shi ne na wata majami'a a jihar New York, wadda ta sayi shafi a jaridu a 1992, kwana 4 kafin zaɓe, tana gargaɗin Kiristoci kada su zaɓi Bill Clinton. Hukumar haraji ta janye mata sassaucin a 1995, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2000.

2. Abin da ake neman canzawa

A 2002 wani ƙudurin da ya nemi sakar wa majami'u mara ya faɗi a Majalisar Wakilai. A 2017 'yan majalisa Steve Scalise da Jody Hice, tare da Sanata James Lankford, suka gabatar da wani sabo. Ƙudurinsu ya yarda majami'a ko ƙungiyar agaji ta yi maganar 'yan takara bisa sharuɗɗa 2: maganar ta kasance cikin ayyukanta na yau da kullum, kuma kada ta kashe wani kuɗi na a zo a gani dominta. A shekarar ce Shugaba Donald Trump ya yi alkawarin rushe Gyaran Johnson. An sa irin wannan tanadi cikin babbar dokar haraji ta 2017, amma aka cire shi kafin a zartar da ita.

A watan Yuli na 2025 hukumar haraji ta shaida wa wata kotu a Texas cewa, a ganinta, idan majami'a ta yi wa 'ya'yanta maganar zaɓe a lokacin sujada, ba ta karya dokar ba.

3. Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon baya sun ce ba aikin ma'aikacin haraji ba ne ya auna wa'azi. Sun ce tsoron hukunci yakan sa masu wa'azi su kame bakinsu har a kan abin da doka ba ta hana ba. Wannan hujja tana da nauyi, gama Yohanna Mai Baftisma bai nemi izinin Hiridus ba kafin ya tsauta masa.

Masu adawa kuwa sun duba maganar kuɗi. Majami'u a Amurka ba dole ba ne su kai wa hukuma rahoton kuɗinsu na shekara kamar sauran ƙungiyoyin agaji. Idan aka buɗe ƙofa, in ji su, attajiri zai zuba kuɗin siyasa cikin baiko, ya sami rangwamen haraji, sunansa kuma ya ɓuya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A 2017 shugabannin addini fiye da 4,000 suka rubuta wa majalisa su roƙe ta ta bar dokar yadda take.

4. Matsayin Ikilisiya

Da labarin Yuli 2025 ya fito, taron bishof-bishof na Katolika a Amurka ya sanar cewa Ikilisiya tana nan a kan matsayinta: ba ta goyon bayan ɗan takara, ba ta kuma yaƙi da shi. Me ya sa ta ƙi shiga ƙofar da aka buɗe mata? Domin tun farko ba tsoron haraji ne ya tsare ta ba.

Babban Taron Vatikan na Biyu ya koyar a 1965 cewa Ikilisiya ba a ɗaure take da wani tsarin siyasa ba, amma tana da iko ta faɗi abin da ke daidai da abin da ke kuskure, har a sha'anin mulki, idan haƙƙin ɗan Adam ko ceton rayuka ya bukaci haka. Dokokin Ikilisiya na 1983 sun hana firistoci riƙe muƙamin mulki, sun kuma hana su aikin jam'iyya, sai da izinin hukumar Ikilisiya bisa babban dalili. Tun kafin wannan, a 1980, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya umarci firistoci su bar kujerun siyasa. Fada Robert Drinan, wanda ya shekara 10 a Majalisar Wakilai ta Amurka, ya yi biyayya, bai sāke tsayawa takara ba.

Dalilin a fili yake. A gaban bagade ɗaya 'yan jam'iyyu dabam-dabam suke durƙusawa, gurasa ɗaya suke karɓa. Ranar da Fada ya ambaci sunan ɗan takara a wa'azi, ya raba garkensa biyu, rabi kuma ba za su ƙara jin muryar makiyayi a bakinsa ba. Ban da haka, babu jam'iyyar da ta ɗauki dukan Bishara. Wata tana kāre jaririn da ke ciki ta manta da baƙo, wata tana tuna baƙo ta manta da jaririn. Ikilisiyar da ta jingina ga ɗaya, za ta yi shiru ranar da wannan jam'iyya ta yi laifi.

Saboda haka aikin mumbari shi ne horar da lamiri. Shiga jam'iyya, tsayawa takara da jefa ƙuri'a kuwa aikin sauran masu bi ne, kuma Ikilisiya tana ƙarfafa su su yi shi da gaskiya. Wanda ya ce Fada ya zaɓa masa, ya ajiye nauyin da Allah ya ɗora masa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambanci tsakanin wa'azi a kan adalci da tallar ɗan takara?
2. Idan mai neman kujera ya kawo babban baiko gab da zaɓe, me ya kamata kwamitin majami'a ya yi?
3. Waɗanne halaye ne mai bi zai duba kafin ya ba mutum ƙuri'arsa?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba makiyayanmu ƙarfin hali su faɗi gaskiya, ka ba mu lamiri mai tsabta, ka riƙe mu ɗaya, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.