Amsar Tambaya: Me Rana Ke Yi Wa Halittun Cikin Rairayi?

Wani ɗalibi daga Agadas ya aiko da tambaya: ranar da ke babbake fatar mutum a Sahara, me take yi wa ƙananan halittun da ke cikin rairayi?

Ɓarna take yi musu ba kaɗan ba. Akwai wani ɓangaren haskenta da ido ba ya gani, wanda ke manne sinadarin tayamin biyu maƙwabta a zaren DNA, sai kwafar zaren ta cije. Fari kuma yakan tsinka zaren gunduwa-gunduwa. Gishirin fakuloret, irin na hamadar Atakama a ƙasar Chile, yakan ƙara muni idan hasken ya buge shi. A 2017 masana a Jami'ar Edinburgh sun gwada gishirin da haske irin na duniyar Mars, ya kashe bakteriya cikin mintuna.

Sai dai halittun nan ba kanwar lasa ba ne. Deinococcus deserti, wata bakteriya da aka samo a yashin Maroko da Tunisiya, tana ɗinke tsinkakken zarenta da kanta. Wasu, masu dabara, sukan laɓe ƙarƙashin fararen duwatsu masu tace haske, inda 'yar laima ke daɗewa.