Manhajar Tambayoyi a Waya da Jarrabawar Likitan Hoto

Ƙannena likitoci da ke aiki a babban asibitin Funtua da na Malumfashi, masu niyyar ƙwarewa a karanta hoton asibiti, kuna yawan tambayata ko manhajojin tambaya da amsa na waya suna fitar da mutum kunya a jarrabawa.

A matakin share fage suna yi. Ko ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas za ka bi, ko ta kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, karatun farko galibi hadda ce: tsarin jikin ɗan'adam da kimiyyar na'urar ɗaukar hoto. Manhajar Anki, wadda kyauta ce a wayar Android, takan yi ta dawo maka da tambayar da ta kayar da kai har sai ta zauna, kuma tana aiki ko sabis ya ɗauke. Mai kwanan aiki ya san amfanin wannan.

Gaba kuwa da sauran magana. Yawancin tambayoyin nan a Amurka da Ingila aka rubuta su, don cututtukan da ke gabansu. Mu kuma manomin da ya shigo yana fitsarin jini bayan ya sha aiki a fadama, tsargiya ce farkon zato. Tun a shekarun 1970 masana daga Libaful da Jami'ar Ahmadu Bello suka yi bincike a kanta a yankin Malumfashi. In ta daɗe a jiki, bangon mafitsara yakan fito fari a hoto kamar ɓawon ƙwai, ta kuma toshe hanyar fitsari har ƙoda ta kumbura. Sau nawa manhaja za ta nuna maka wannan? Haka tibi da ya ci ƙashin baya, da kan ƙashin cinya da sikila ta kashe wa yaro. Waɗannan nake gani a ɗakin karanta hoto kullum, malaman da za su zauna gabanka a jarrabawar baka ma su suka saba gani. Can kuma ba mai ba ka amsa huɗu ka zaɓi ɗaya. Za a ɗora hoto, a zuba maka ido, ka faɗi abin da ka gani, daga ina ka fara, me kake zato, me za ka ce wa likitan da ya turo majinyacin.

Ga ƙanƙantar fuskar waya. 'Yar iskar da ta taru a gefen huhu bayan haɗarin babur takan ɓace a kai, balle in hoton ta WhatsApp ya biyo.

Don haka idan Allah ya kai ka horo a asibitin koyarwa na Shika ko na Malam Aminu Kano, ka riƙa haɗa tambayoyinka da kanka daga hotunan da ka karanta tare da malaminka, ka kuma amsa su da baki gaban abokin karatu. Kafin hoto ya shiga wayarka, ka goge sunan majinyaci da lambar katinsa, ka kuma nemi izinin shugaban sashe.